Sayen Ado

Da hantsi aka rufe Ɗanmusa mai kanwa, kuma kafin a watse daga maƙabarta mutanen Tsamaye sun gama yanke wa Halliru mai lamba hukunci. Wanda ya wanke gawar ne ya tayar da maganar. Ya ce agana dai ya sha ganin ta, amma ta Ɗanmusa daga dantsen hagu ta fara, daidai inda aka yi masa lambar gwamnati, wurin ya kumbura ya rufta kamar an ɗora garwashi. Nan take wani ya tuna ƙanen matarsa yana kwance, shi ma daga dantse ta faro. Wani ya ce haka wata mai sayar da dawon fura take a unguwar marina. Duk su ukun, Halliru ne ya tsaga su.

Bazarar shekarar ta zo da mugun zafi, ga agana ta ɓullo a ƙasar Gobir. Turawan Sakkwato suka sa aka tare hanyoyi. Duk wanda zai shiga kasuwar Isa, ko ya haura ƙasar Faransa wajen Madawa, sai ya naɗe hannun riga ya nuna lambar da ta kama. Halliru ɗan garin ne. An ɗauke shi an kai Sakkwato an koya masa aikin, ya dawo da akwati da wandon kaki. Dama mutane ba su yafe masa wandon ba.

Da ƙyar Labbo mai gari ya ƙwace shi daga hannun jama'a. Ya sa shi a zaurensa, aka ɗaure masa ƙafa ɗaya a jikin ginshiƙi don mutane su ga an ɗaure, sannan ya aika Sabon Birni. Amsa ta dawo cewa dogarai suna tafe, za su wuce da shi Isa, daga can Sakkwato, a kan laifin kisa. Labbo ya san Halliru tun yana rarrafe, abin bai kwanta masa ba. Sai ya aika a kira Na'Allah.

Na'Allah mai bin sawu ne. Shanun sata da jakan da suka ɓata su ne abincinsa, kuma yawan kallon ƙasa ya lanƙwasa masa wuya tun yana saurayi. Ana ba da labarin ya taɓa wuce surukinsa a hanya bai gaishe shi ba, sai da ya ga sawunsa a gaba ya juyo a guje yana ba da haƙuri. Ba ya ƙaunar mai lamba, ba ya ƙin sa. Abin da ke hana shi sukuni a duniya ɗaya ne, a ce abu ya faru bai san ta inda ya bi ba.

"Ranka shi daɗe, cuta ba ta da ƙahwa," in ji shi. "Mi za ni bi?"

"Shiga ka tambai mai aikin," in ji Labbo. "Amma ka yi sauri. In dogaran ga sunka aza shi gaba, ba mu ƙara ganin shi."

*

Ya iske Halliru zaune a ƙasa, leɓe a fashe, akwatinsa a gefe. Na'Allah bai tsaya jaje ba, akwatin ya nuna.

Halliru ya buɗe. Akwai 'yar wuƙa siririya, da ƙaramar fitila ta ƙona bakin wuƙar tsakanin mutum da mutum. Ruwan lambar kuwa yana cikin wasu kwalabe sirara kamar tsinken tsintsiya, an jera su a ɗan tulu an naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Na'Allah ya ɗaga ɗaya ya hasko da hasken ƙofa, ya yi ta juya ta.

"Baba, abin da ac cikin kwalbar ga ba agana ta ba," in ji Halliru. "Daga jikin maraƙi aka samo shi, ko shekara yay yi ga jikin mutum ba shi zama agana. Ni ba wanga ad damuwata ba. Damuwata ba shi yin komi. Zahin hanya na kashe shi kahin shi iso. In tsaga mutum, shi dawo bayan kasuwa guda, hannu sumul."

"To ina sunka samo ta?"

"Shi nika son in sani. Kuma cuta na da ƙahwa, Baba. Likita ya koya muna ba ta zuwa gari da kanta, mutum ka ɗauko ta. Sai dai sawunta ba shi hitowa nan take. In ka iske marar lahiya, kada ka tambai inda yak kwana jiya. Tambai wa yat taɓa shi, mi yat taɓa, kasuwa guda ko biyu da sunka wuce."

Na'Allah ya gyara zama. Shekarunsa duka bai taɓa jin irin wannan sawun ba, wanda ba ya bayyana sai mai shi ya yi nisa, kuma ana bin sa da baki ba da ido ba. Gaskiya daɗi ya kama shi, har ya manta mutumin da ke gabansa a ɗaure yake.

"Wa yaf fara kwantawa garin ga?"

"Amiru, wani mai koli daga Madawa. Na kai shi bukka gabas da gari, na sa Yari tsaro, don Yari ya taɓa yin ta, ba ta sake kama shi."

*

Kafin ya je gabas, sai da ya bi ta rumfar Sodangi wanzami, don rabin gari suna raɗa cewa tun da Halliru ya dawo da wuƙar gwamnati Sodangi yake cika yana batsewa. A bayan rumfar Na'Allah ya ga abin da ya ba shi mamaki. Sawun jakan fatake ya yi dandali a wurin, alhali jaki ba ya aski. Ga kuma rassan tinya an sassare, farin nononsu ya bushe a kan dutse.

Ya zagayo ya zauna kamar mai son a rage masa gemu.

"Sodangi, yaushe tinya taz zama maganin ƙaho?"

Askar ta tsaya a sama. Sodangi ya dubi hagu ya dubi dama, ya rage murya.

"Don Allah rufa mini asiri. Mutum ya ɗauko kaya tun daga Madawa, a ce mai shi koma don hannunai bai kumbura ba? Sai in ɗan tsaga, in ɗiga nonon tinya. Wuri shi tashi, shi yi ruwa, shi bar tabo. Masu tsaron hanya ba su rarrabewa."

"Ɗanmusa fa?"

"Ya zo, ya ji yadda nika yi, ya tashi. Ya ce shi ba tsoron dogari shikai ba, tsoron cutar shikai, ta gaskiya shika so."

Na'Allah ya karɓi sunayen waɗanda aka yi wa ta tinya, ya bi gidajen na kusa ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayar Halliru. Duk lafiyarsu ƙalau, wani ma ya same shi yana dambe da buhun gero. Sodangi maƙaryaci ne, wannan ba shakka, amma ƙaryarsa ba ta kwantar da kowa ba.

*

Bukkar tana bayan wani busasshen rafi, an kewaye ta da ƙaya, an kafa gora da jan ƙyalle a kai. Na'Allah ya yi tasa aganar tun yana goye, don haka bai ji ɗar ba. Ya fara zagaya shingen a hankali. Sawun masu kawo abinci ya ba shi dariya. Kowa ya zo sai ya tsaya nesa, ya ɗage a kan yatsu, ya miƙa ƙwarya a kan dutse, ya juya da dogon taku. A cikin shingen kuwa sawu iri biyu ne kawai. Akwai faffaɗar ƙafar Yari, akwai kuma takalmin kambas mai zane a tafinsa, irin wanda babu mai shi a Tsamaye sai Halliru. Wannan bai dame shi ba, ai aikin Halliru ne ya zo duba majinyaci.

Amiru mai koli ya fara samun sauƙi. Ƙurajen sun bushe suna ɓarewa, amma idanunsa har yanzu a manne suke. Da ya ji baƙuwar murya sai ya fara ƙorafi, wai da a Madawa ne da lokotoro, likitan Faransawa, ya ba shi gado, ba tabarma ba.

"Ban da Yari da mai lamba, wa yash shigo nan?" in ji Na'Allah.

"Wata mace. Ba sau guda ba. Da rana tsaka taka zuwa."

"Mi taka so?"

"Ta ce sayen ado taz zo. Sai ta aje mini hatsi cikin ƙoƙo, ta shafa mini man shanu ga baya, ta soshe ni, ta tahi. Allah shi saka mata, hannunta da sanyi."

Yari ya kwashe da dariya. "Zazzaɓi na, Baba. Wanga ko cikin mafarki ciniki shikai. Shekaranjiya ni ma ya so shi saida mini tozali."

"Hatsin fa?"

Dariyar ta ragu. Yari ya yarda ya kan iske ƙoƙon gero a bakin bukka, ya ɗauka sadaka ce, ya kan yi fura da shi. Ya kuma yarda in rana ta take, ya kan je gindin tsamiya ya ɗan miƙe, ba barci ba, hutawa dai.

Na'Allah ya sake duba ƙasa. Babu sawun mace a ciki, ko na yatsa ɗaya. Amma gero ba ya kawo kansa. Kuma maganar ta hau, don me mace za ta nema wurin mai koli in ba ado ba? In ko wata ta karɓi tsakiya daga hannun mai agana ta kai gida, to ta kai cutar a wuyanta.

*

Da ya jefa tambayar a bakin rijiya, mata ba su ɓata masa lokaci ba. Suka ce ai kwanakin baya an ga sabon murjani a wuyan Tasalla, matar marigayi Ɗanmusa. Na'Allah ya ji zuciyarsa ta buga irin ta wanda ya hango kofaton saniyar da yake nema.

Tasalla tana takaba, don haka ta bayan zana suka yi magana. Ya yi mata gaisuwa, ya yi addu'a, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ambaci murjani. Bai rufe baki ba sai ga abin ya tsallako zana ya faɗo gabansa.

"Ga shi nan, kai musu su raba! Tun kaka yas sawo mini shi Isa. Miji na mutuwa, su murjani sunka gani."

Ya ɗauka ya duba. Zaren ya yi baƙi da gumi da mai, ba na kwanan nan ba ne. Kunya ta kama shi, ya ba ta haƙuri. Sannan ya yi mata tambayar da aka koya masa, wa ya taɓa mijinta kasuwa guda ko biyu kafin ya kwanta.

Muryarta ta sauka. Ta ce Halliru ya yi masa lamba ba ta kama ba. Ya kora jakansa zuwa Isa aka maido shi daga hanya. Sai ya koma gidan Halliru a kan a sake masa. Ya dawo dantse a ɗaure da tsumma, yana ƙanshin man shanu, yana murna.

"Ya ce mini, Tasalla, wagga kam za ta kamawa." Ta ja numfashi. "Ta ko kama."

"Wace rana ta?"

"Ranar kasuwar Gatawa."

Na'Allah ya leƙa gidajen sauran biyun. Labarin ɗaya ne. An yi musu ba ta kama ba, sun koma gidan mai lamba, sun dawo da ɗaurin tsumma. Ya nufi zauren Labbo ransa a ɓace, don ya fara jin yaron ya shiga ransa, ga shi kuma duk hanyar da ya bi a ƙofar gidan yaron take ƙarewa.

*

Ya iske mahaifiyar Halliru, tsohuwa Kande, ta kawo masa fura. Tana durƙushe a gefe ta juya musu baya, tana dama furar. Na'Allah ya gaishe ta, yana kallon ƙafafunta kamar yadda ya saba da kowa, sannan ya zayyana wa Halliru abin da ya ji.

Halliru ya dafe kai. "Ranar kasuwar Gatawa, Gatawa nika wuni, kowa ya sani. Kuma Baba, ni ba ni ɗaure lamba, ba ni shafa mata mai. An koya muna a bar ta ta sha iska. Wanda yaɗ ɗaure, ba ni na ba."

"To matar da tas sayi ado ga Amiru fa? Ko ta nan taf fito?"

"Wane ado? Kayan Amiru dut na ƙone su ranar da nik kai shi bukka. Tsakiya, tozali, madubi, har buhun. Shi na abu na farko da anka koya muna. Yana kuka ina zuba musu wuta. Ba shi da komi can sai tabarma."

Ludayin Kande ya ci gaba da zagaya ƙwarya. Na'Allah ya fito yana magana shi kaɗai. Mace ta zo sayayya wurin mutumin da ba shi da ko allura, ta biya, ta koma, ta sake dawowa. Me take saye?

Yana cikin haka wata tsohuwa mai itace ta tare shi a lungu.

"Na'Allah, an ce ka tahi gabas. Ƙaƙa mai adon? Ya samu sauƙi?"

"Kayanai dai sun ƙone," in ji shi.

"Wa am maka zancen kaya? Jikinai nika tambaya. Adon ya fara ɓarewa?"

Na'Allah ya tsaya cak, har tsohuwar ta zaci aljanu ne suka taɓa shi. Kalmar da ya sani tun yana yaro ce ta yi masa wasa da hankali yini guda. Tsofaffi ba su kiran agana da sunanta, ado suke ce mata, don kada ta ji ta amsa. Da Amiru manomi ne ko maƙeri, da tun a bukka ya gane. Sana'ar mutumin ce ta rufe masa ido. Sai kuma ya tuna kakarsa tana ba da labarin yadda mutanen da suke yi. A je wurin wanda ya fara warkewa, a ɓaro ɓawon ƙurjinsa, a ajiye masa hatsi don kada a ce sata aka yi, a zo a tsaga mai lafiya a sa masa. Sayen ado ke nan.

*

Ya koma bukkar da la'asar, lokacin da rana ta karkata kowane taku ya sami 'yar inuwa. Wannan karon bai nemi sawun mace ba. Takalmin kambas ya durƙusa a kai, wanda ɗazu ya tsallake don ya san mai shi.

Takalmi ɗaya ne, amma tafiya biyu ce. Ta farko mai dogon taku ce, tana zuwa ta tsaya a bakin bukka ta inda iska ke fitowa, ƙafa biyu a jere, ta juya. Wannan mutum ne da aka koya wa inda zai tsaya. Ta biyun takunta gajere ne, dunduniya tana jan ƙasa, kan takalmin kuwa bai danna rairayi ba ko kaɗan, don babu yatsu a cikinsa. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi. Kuma ba ta tsaya a ƙofa ba. Kai tsaye ta shige har gefen tabarma, ga gurbin gwiwoyinta nan biyu.

Ya bi gajeren takun. Ya fita ta wata kafa a bayan shinge, ya gangara cikin busasshen rafin, ya bi gindin gonaki inda ba mai wucewa da rana tsaka, ya ɓullo bayan wani gida. Takalman suna rataye a kan dangar gidan, rana tana dukansu, don an koya wa mai su kada ya shiga da su cikin iyali. A ƙarƙashin dangar, inda aka tsaya aka cire su, akwai sawun ƙafa tsirara, ƙarama, babban yatsan ya buɗe gefe.

Na'Allah ya san mai ƙafar. Ya daɗe a tsugune a wurin, kuma a karo na farko a rayuwarsa ya gano ta inda abu ya bi bai ji daɗi ba.

*

Washegari da safe dogarai biyu suka iso daga Sabon Birni. Jama'a ta cika ƙofar gidan Labbo, maza a gaba, mata a raɓe jikin katanga. Aka fito da Halliru da igiya a ƙugu. Na'Allah ya roƙi a ba shi ɗan lokaci, ya sa aka share fili aka baje rairayi, ya ajiye takalman kambas a tsakiya. Ya sa aka zaunar da Sodangi da Yari a gaba. Tasalla tana daga cikin soro, inda za ta ji ba a gan ta ba.

"Ranka shi daɗe," ya ce da Labbo, "Sodangi na saida lambar ƙarya da nonon tinya. Wanga tsakaninku na, amma bai kashe kowa ba. Yari na barci bakin aiki, kuma ya sha furar da ba tashi ba. Tasalla ko, mu anka zalunta da baki, a nemi gafararta."

Sodangi ya sunkuyar da kai, Yari ya yi ta sosa ƙeya. Sannan Na'Allah ya yi bayanin sayen ado. Tsofaffin wurin suka fara gyaɗa kai tun bai kai ƙarshe ba, samari kuwa suka saki baki. Ya ce wata ce ta je ta sayo daga jikin Amiru, ta jira waɗanda lambarsu ba ta kama ba, ta sake buɗe tsagar Halliru ta sa musu, ta shafa mai ta ɗaure.

"Da waɗanga takalma tat tahi, don rairayin rana tsaka ba shi takuwa. Ƙahwarta ba ta cika su ba. Dut wanda aka zargi shi saka shi taka hilin ga, ƙasa ta faɗi."

Yana maganar yana kallon ƙasa, don ba ya son ya dubi Halliru. Amma ya ji lokacin da numfashin yaron ya sauya. Halliru ya dubi takalman, ya san dangar da suke kwana a kai, ya san su wa ke gida ranar kasuwar Gatawa.

"Ni na!" Ya yunƙura har igiyar ta ja dogari. "Ni nis sa musu. Na ga ruwan kwalba ba shi kamawa, niɗ ɗebo ta jikin Amiru. Ku tahi da ni, a bar wahal da mutane."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wasu suna cewa ai dama sun faɗa. Babban dogarin ya naɗe igiyar a hannu, ya ce to magana ta ƙare. Labbo ya dubi Na'Allah, Na'Allah ya buɗe baki, amma sunan ya ƙi fitowa.

"Ƙarya shikai."

Daga cikin mata muryar ta fito. Kande ta ratso maza a hankali, ba ta ko dubi takalman ba, ta taka rairayin da ƙafarta tsirara ta zo gaban mai gari ta durƙusa. Ba ta ambaci sunan Halliru ba, don ɗan fari ne.

"Yaron ga bai san komi ba. Ni nis sawo." Ta zare hannu ta nuna wani tsohon tabo a wuyan hannunta. "Haka kakata tay yi muna, mu da ƙannena, ado yaz zo yash share gari yab bar mu. A sawo ƙarami don babba shi wuce. Ni abin da nis sani ke nan."

"Mi yas sa ba ki shawarce shi ba?" in ji Labbo.

"In shawarce shi shi hana ni? Kullum mutane na ƙofar gida suna zagin shi. Su ce lambar ɗan Kande ruwa ta, su ce ya tahi Sakkwato ya koyo wando. Shi dawo shi kasa cin tuwo. Nic ce bari in taimaka mai ta kama, a daina yi mai dariya." Muryarta ta karye. "Ban nuhi Ɗanmusa da mutuwa ba. Allah ya sani."

Daga cikin soro aka ji kukan Tasalla. Mutanen da shekaranjiya suke neman jinin Halliru suka rasa inda za su sa idonsu, don rabinsu sun san da bakinsu aka yi zagin.

Dogaran suka yi shawara da Labbo. Aka kwance igiyar daga ƙugun Halliru. Babban dogarin ya ce tsohuwa ce za ta bi su gaban hakimi, ba za su ɗaure ta ba, za a nema mata jaki.

"Ku dakata mini kaɗan," in ji Halliru.

Mutane suka zaci sallama zai yi da ita. Ya zo ya zauna a ƙasa gabanta, hawaye na zuba, bai share ba.

"Inna, wadda kis sa musu ba ta tsayawa ga dantse. Wanda anka sa ma, shina iya ba na kusa da shi babbar. Dole in san su dut, in raba su da mutane yau. Su wa da wa kiy yi ma?"

Ta fara kira. Ɗanmusa. Mai dawo ta unguwar marina. Ƙanen matar wane. Wasu fatake biyu da suka riga suka nufi Kamarawa. Duk sunan da ta kira sai a ji salati daga wani gefe, Labbo kuwa yana tura mutum a guje. Na'Allah ya riga ya ɗaura ɗamara don bin fataken. Sai ta tsaya da kiran.

"Su ke nan?" in ji Halliru.

Kande ta dubi ƙasa. "Sai Larai."

Larai ɗiyar Halliru ce, ko wata biyu ba a yi da yaye ta ba.

"Yaushe?"

"Shekaranjiya. Na ga sun kama ka, nic ce in sunka tahi da kai, wa zai kare ta?"

Kowa ya jira Halliru ya tashi ya ruga gida. Bai tashi ba. Ya dubi mahaifiyarsa.

"Sai wa kuma, Inna?"